Salsala da manhaja: matsalolin shigar da tarihin zuriya cikin kwamfuta, misalin Gobir daga Birnin Lalle zuwa Tsibiri

0. Gabatarwa

A ƴan shekarun nan ɗalibai da dama na sashenmu da na sashen tarihi sun shiga amfani da manhajojin salsala, wato shirye-shiryen kwamfuta da aka ƙera domin tattara sunayen dangi, a haɗa uba da ɗa, miji da mata, har a fitar da zanen nan da Faransawa ke kira arbre généalogique. Dalilin a fili yake. Duk wanda ya taɓa dawowa daga bincike a ƙauye da littattafan rubutu cike da sunaye, da muryoyin tsofaffi da ya ɗauka, ya san cewa tattarawa ba ta kai tsarawa wuya ba. Manhaja kuwa tana nemo suna cikin ƙiftawar ido, tana ƙirga tsatso, ba ta gajiya.

Wannan maƙala ba ta zo don hana kowa amfani da su ba, mu ma da su muke aiki. Abin da muke son nunawa shi ne cewa aikin da waɗannan manhajoji ke ɗauka gyara ne, wato haɗe sunaye biyu masu kama su koma mutum ɗaya, da cike gurbin shekara, da ba kowane mutum uba ɗaya tak, idan aka yi shi a kan bayanan ƙasar Hausa ba tare da lura ba, sau da yawa shafe hujja ne. Mun ɗauki misalinmu daga Gobir, kuma mun fara daga Birnin Lalle, domin a can ne tarihin da aka samu ya fi yawan sunaye, ya fi ƙarancin shekaru, kuma a irin wannan wuri ne mai bincike ya fi jin sha'awar barin na'ura ta cike masa giɓi.

1. Birnin Lalle cikin tarihin Gobir

Birnin Lalle gari ne na gundumar Dakoro a jihar Maradi, ba nisa da garin Dakoro, a yankin kwarin Tarka. A zamanin mulkin Faransa an yi shi kanto, sa'an nan tsarin ƙananan hukumomi na shekara ta 2002 ya mai da shi ƙaramar hukumar karkara. Amma sunansa ya girmi duk wannan. Labaran baka na Gobirawa sun haɗu a kan cewa nan ne ɗaya daga cikin manyan biranen sarautarsu bayan fitowarsu daga Abzin, kafin su gangara kudu maso yamma zuwa Birnin Naya da Gwararrame, daga baya kuma Alƙalawa. Mafi yawan manazarta suna sanya wannan zama tsakanin ƙarni na 15 da na 17, kodayake sun saɓa a kan farkonsa da ƙarshensa.

Abin da rubutattun majiyoyi ke bayarwa game da waɗannan ƙarnuka kaɗan ne. Ibn Battuta, wanda ya sauka Takadda a 1353, ya ambaci wani birni Kubar da ake kai wa jan ƙarfe, kuma masana da yawa suna karanta wannan suna Gobir. Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara ya buga a 1908, ya ce a zamanin Sarki Yakubu, wanda aka ƙiyasta mulkinsa daga 1452 zuwa 1463, Abzinawa suka zo Gobir. Daga nan sai jerin sunayen sarakuna da aka ɗauka daga bakin makaɗa da dattawan fada. Kyaftin Landeroin, tafintan tawagar Tilho da ta shata iyaka tsakanin 1906 da 1909, ya tattara irin waɗannan labarai, aka buga su a 1911. (Shi ne dai Landeroin ɗin da masu nazarin harshe suka sani da nahawu da ƙamus na Hausa da suka wallafa tare da Tilho.) Urvoy a 1936, Boubou Hama a littafinsa na tarihin Gobir da Sakkwato na 1967, Djibo Hamani a ayyukansa kan Adar da Abzin, da Abdullahi Rafi Augi a kundinsa na Zariya na 1984, duk sun koma kan wannan abu, kowa da abin da ya ji da abin da ya karanta.

Tun daga tushe ma ba a daidaita ba. Labarin Bayajida na Daura ya ce Duma, ɗan Bawo, shi ne kakan sarakunan Gobir. Fadar Gobir kuwa ta fi riƙe labarin fitowa daga gabas, kuma Muhammadu Bello a Infaƙul Maisuri ya kawo maganar cewa asalinsu Ƙibɗawan Masar ne. Waɗannan ba kurakurai ba ne da za a tace a bar guda. Kowace magana tana da wanda ya faɗe ta da abin da yake nema da ita: ɗaya tana shigar da Gobir cikin Hausa bakwai, ɗaya tana fitar da ita ta ba ta wata daraja ta dabam. Mai tarihi yana bukatar su duka biyun.

2. Abin da manhaja ke tambaya

Kusan dukan manhajojin da ake samu, Heredis da Généatique na Faransa, ko Gramps wadda kyauta ce kuma ta fito tun 2001, suna musayar bayanai ta wani tsari da ake kira GEDCOM. Cocin nan na Amurka da aka fi sani da Mormon ne ya fito da shi a 1984 domin bukatun mabiyansa; sigar 5.5 ta tsakiyar shekarun 1990 ita ce ta fi yaɗuwa, kuma an fitar da ta 7.0 a 2021. Tsarin yana da ginshiƙai biyu: rijistar mutum, INDI, da rijistar iyali, FAM, wadda ke ɗauke da miji ɗaya, HUSB, da mata ɗaya, WIFE, da ƴaƴansu, CHIL. A gurbin suna, ana sanya sunan iyali tsakanin sanduna biyu. A gurbin haihuwa, ana jiran rana da wata da shekara.

Wannan siffa ba daga sama ta faɗo ba. Hoton rijistar coci ce da ta gwamnati irin ta Turai. A Faransa, dokar Villers-Cotterêts ta 1539 ta wajabta wa limaman coci rubuta baftisma, kuma a 1792 aikin ya koma hannun hukumomin gari. Bafaranshen da ke neman kakanninsa daga takarda yake tafiya zuwa takarda, kowace da kwanan wata da sunan iyali da ke ratsa ƙarnuka. Lambobin Sosa-Stradonitz da manhajojin Faransa ke ji da su sun ƙara ɗaure abin: mutum lamba 1, ubansa 2, uwarsa 3, uban kowane mutum ninki biyu na lambarsa, uwarsa ninki biyu da ɗaya. Lissafi ne mai kyau, amma gurbin uba ɗaya ne a cikinsa, ba ya karɓar «wasu sun ce».

Ya kamata mu yi wa tsarin adalci a wuri ɗaya. Auren mace fiye da ɗaya ba ya ba shi wahala kamar yadda ake zato. Namiji mai mata huɗu yana samun FAM huɗu, kuma kowace FAM ta yi daidai da abin da Bahaushe ke kira ɗaki, wato ƴaƴan uwa ɗaya. Tun da yake rigimar gado da ta sarauta ɗaki-ɗaki take tafiya, har harshe ya bambanta ɗan'uwa da ɗan'uba ya kuma ciro kalmar ƴan'ubanci daga na biyun, wannan rabo yana da amfani ƙwarai. Matsalar tana wasu wurare.

3. Jerin sarakuna ba salsala ba ne

Jerin sarakunan Gobir da ake karantawa a fada ya haura suna ɗari uku. Ɗalibin da ya samu irin wannan jeri, ya buɗe manhaja, zai tarar ba ta da wata hanya ta kai tsaye da za ta jera mutane ɗaya bayan ɗaya in ba ta haihuwa ba. Sai ya ɗaura kowane suna a ƙarƙashin na gabansa. Da ya yi haka ya sauya kalmar aikatau ba tare da ya sani ba: makaɗi ya ce wane ya gaji wane, na'ura ta rubuta wane ya haifi wane.

Mu auna wannan da zamanin da aka fi sani. Daga Babari, wanda ya hau wajen 1742 kuma ya kafa Alƙalawa, zuwa Yunfa, wanda aka kashe ranar da birnin ya faɗi a 1808, sarakuna shida ne: Babari, Ɗan Gudi, Bawa Jan Gwarzo, Yakuba, Nafata, Yunfa. Huɗun tsakiya duk ƴaƴan Babari ne, Yunfa kuma ɗan Nafata. Ke nan sarauta shida, tsatso uku, shekara kamar 66, wato kimanin shekara 11 ga kowane sarki. In da ba mu san dangantakarsu ba, muka jera su uba da ɗa, muka ba kowane tsatso shekara 30 kamar yadda aka saba, da mun samu shekara 180, da mun mai da Babari mutumin farkon ƙarni na 17. Kuskuren ya haura ƙarni guda a kan sunaye shida kacal. A kan suna ɗari uku, lissafin uba da ɗa zai kai mu shekara 9.000 baya. Ko da matsakaicin shekara 11 muka ɗauka, za mu wuce shekara 3.000.

David Henige ya yi dogon bayani a 1974 kan yadda jerin sarakuna ke tsawaita a bakin masu riƙe da su, kuma Gobir ta ƙarni na 19 ta nuna mana hanya ɗaya da idonmu. Bayan 1808 an samu masu riƙe da sunan Sarkin Gobir a wurare dabam-dabam. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda Sarki Ali ya mutu, Mayaƙi ya kafa Tsibiri, daga baya kuma Ɗan Halima ya ɓalle ya kafa Sabon Birni. Sarautu biyu suka riƙa tafiya a lokaci guda. Baki kuwa ba ya iya faɗin sunaye biyu a tare, dole ya sa ɗaya gaba ɗaya baya. Abin da ya faru a zamanin da muke da shaidu, babu dalilin da zai sa mu ce bai faru ba a zamanin Birnin Lalle, lokacin da jama'a ke tafiya kashi-kashi daga Abzin zuwa kudu. A ganinmu, wani sashe na sunayen wancan zamani na mutanen da suka yi mulki ne a lokaci ɗaya a garuruwa dabam-dabam, wani sashe kuma laƙabi ne da suna na mutum guda da suka rabu suka zama biyu. Wannan hasashe ne, kuma ba za a iya gwada shi ba sai an ajiye kowane jeri yadda aka ji shi, da maimaicinsa da saɓaninsa. Wanda ya tace maimaici ya zubar da abin gwajin.

4. Kalmar «ɗan» da ƴan'uwanta

A nan ne mai nazarin harshe yake da abin cewa fiye da mai tarihi. Wanda ke shigar da bayanai yakan ɗauki «ɗan» alamar haihuwa, kamar ibn na Larabci. Wani lokaci haka ne: Yunfa ɗan Nafata. Amma kalmar tana da ayyuka da yawa da ba su shafi haihuwa ba. Tana nuna gari, kamar ɗan Maradi. Tana nuna sana'a, kamar ɗan kasuwa. Tana nuna ƙanƙanta, kamar ɗan yaro. Tana shiga sunan rana: Ɗanjuma ba ɗan wata Juma ba ne, ranar Juma'a aka haife shi, haka Ɗanladi da Ɗan Asabe. Tana shiga sarauta: Ɗan Galadima a Gobir da Katsinar Maradi muƙami ne na ɗan sarki, mai riƙe da shi ba Galadima ne ya haife shi ba. Kuma tana daskarewa cikin laƙabi har ba a iya raba ta da shi, kamar Ɗan Gudi da muka ambata, wanda ubansa Babari ne. Duk wanda ya tsaga irin waɗannan sunaye gida biyu ya ƙirƙiro wani mahaifi mai suna Gudi ko Galadima wanda bai taɓa rayuwa ba, kuma da zarar ya samu lamba a cikin na'ura, ba abin da zai bambanta shi da mutumin gaske.

Ko a inda kalmar ke nuna dangantaka, ba lalle ta nuna haihuwa ta kai tsaye ba. Bahaushe yana kiran ɗan wansa da ɗan ƙanensa ɗansa, yana kiran wan ubansa da ƙanen ubansa uba ko baba. Tsoho yakan ce wane ɗan wane ne alhali jika yake nufi ko tattaɓa-kunne, domin ya tsallake waɗanda ba su yi suna ba. Yaron da aka ba gwaggo ko kawu riƙo yakan tashi da sunan mai riƙonsa, har a rubuta shi haka a lakwal. Agola ma haka. Ga kuma kunyar ɗan fari: uwa ko uba ba sa kama sunansa, wani lokaci in ana lissafin ƴaƴa a gaban baƙo sai a tsallake shi, ko a ambace shi da sunan da ba wanda ya san shi da shi a waje. GEDCOM yana da alamar PEDI da ke bambanta haihuwa da riƙo, kuma yana yarda a ɗaura yaro ga iyali biyu. Sai dai kafin a yi amfani da wannan dama dole mai tambaya ya san akwai abin tambaya, sa'an nan zanen da ake bugawa a ƙarshe iyaye ɗaya yake nunawa.

Misali mafi kyau shi ne Inna. A harshen yau da kullum inna uwa ce ko ƴar'uwar uwa. A fadar Gobir kuwa Inna sarauta ce ta mace daga gidan sarauta, mai kula da bori da al'amuran mata, wadda ake naɗawa, kuma ba sharaɗi ba ne ta zama mahaifiyar sarki. Idan mai ba da labari ya ce Innar Sarki wane ita ce wance, ɗalibin da ya girma a birni zai sa ta a lamba 3 ta Sosa ba tare da shakka ba. Da wannan kuskure guda duk dangin uwa na sarkin sun sauya.

Su kansu sunayen yanka da laƙabi suna da tarko. Bawa sunan da ake ba yaro ne, musamman wanda uwarsa ta sha rasa ƴaƴa, domin a kau da ido daga kansa. Bawa Jan Gwarzo ɗan sarki ne jikan sarauta. Wanda ya karanta sunan a matsayin bayanin asali ya yi wa zuriya ƙazafi. Sa'an nan al'adar mai da sunan kaka ga jika tana sa suna ɗaya ya riƙa dawowa bayan kowane tsatso biyu, kuma da yake a Nijar sunan uba ne ke bin sunan mutum, ba sunan iyali ba, sai a samu Abdu Isa ya haifi Isa Abdu, shi kuma ya haifi Abdu Isa. Ga na'ura, na farko da na uku mutum ɗaya ne da aka shigar sau biyu.

Wannan ya taɓa faruwa da mu. Wani ɗalibi daga wani ƙauye na yankin Dakoro ya kawo littafin da ya rubuta daga bakin kakarsa da wani dattijon unguwarsu, muka zauna muka shigar tare. Da muka sa manhaja ta nemo maimaici, ta fito da Bawa biyu, ubansu suna ɗaya, garinsu ɗaya, duk ba shekarar haihuwa. Muka haɗe su. Zanen ya yi kyau. Sai da ya koma gida hutu ya karanta wa tsohuwar, ta tsai da shi ta ce ya aurar da kakanta ga matar jikansa. Da ba mu ajiye littafin hannu ba, da babu hanyar warware abin, domin fayil ɗin da muka adana bayan haɗewa bai bar alamar cewa an taɓa samun mutum biyu ba.

5. Rubutu da shekara

Iyakar da tawagar Tilho ta shata ta raba Gobir biyu, Tsibiri a hannun Faransa, Sabon Birni a hannun Ingila, kuma ta raba rubutun sunaye. Mutum ɗaya Oumarou ne a wannan gefe, Umaru a wancan. Tchiroma da Ciroma, Chaïbou da Shu'aibu, Issoufou da Yusufu. Garin da muke magana a kai ma takardun hukuma Birni N'Lallé suke rubutawa, sun yanke harafin mallaka daga jikin «birni» sun manna shi ga kalma ta biyu. Manhajoji da yawa suna neman sunaye masu kama ta hanyar Soundex, dabarar da aka yi wa rijista a Amurka a 1918, wadda ke riƙe harafin farko ta mai da baƙaƙen da suka biyo lambobi. Da ita, Oumarou O560 ne, Umaru U560, ba za su haɗu ba. Muhammadu M530 ne, Mamman M550. Garba da Abubakar, da kowane Bahaushe ya san suna ɗaya ne, ba su ma kusanci juna ba. Wato dabarar tana raba abin da yake ɗaya, sa'an nan, kamar yadda muka gani, tana haɗe abin da yake biyu. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, ba su cikin tsarin ANSEL na tsohon GEDCOM. UTF-8 ya magance wannan, amma tsofaffin fayiloli sun riga sun mai da Ɗan ya koma Dan.

Game da shekara, tsohon GEDCOM ya san kalandar Girigori da ta Juliyas da ta Yahudawa da ta juyin juya halin Faransa, bai san ta Hijira ba. Gramps ta san ta, amma a wajen musayar fayil abin yakan lalace. Shekarar Hijira kuwa tana hawa kan shekaru biyu na Miladiyya. Hijirar Shehu Usmanu zuwa Gudu ta faru a 1218, shekarar da ta fara a Afrilu 1803, amma ita hijirar a Fabrairu 1804 aka yi ta. Ko rasuwar Bawa Jan Gwarzo, wasu jerin suna kai mulkinsa 1795, lissafin da aka gina kan rubuce-rubucen mutanen Shehu kuma yana sanya ta wajen 1790. In haka ne ga sarkin da ya fi kowa suna, sai a ƙiyasta halin talaka.

Talaka da abin da ya faru yake lissafi. An haife shi shekarar Kakalaba, yunwar 1913 zuwa 1914, ko bayan yaƙin Kawusan na 1916 zuwa 1917, ko an yi aurenta shekarar El Buhari, 1984. Wannan lissafi yakan fi takarda gaskiya. Takardun da alƙali ke bayarwa a madadin takardar haihuwa, jugement supplétif, da «né vers» suke farawa, kuma kowa ya san yadda ake rage wa yaro shekaru domin ya samu shiga lakwal. Amma ma'aunin inganci na GEDCOM, QUAY, mai hawa daga 0 zuwa 3, an gina shi ne a kan fifita shaidar da aka rubuta kusa da lokacin abin, don haka mai shigarwa yakan ba takarda mai hatimi 3, ya ba tsohuwa 1.

Abin dariya kuma shi ne kayan binciken kurakurai na Gramps, a yadda aka saita shi tun asali, yana tuhumar duk wanda ya yi aure fiye da sau uku da duk namijin da ya haifi ƴaƴa fiye da 15. Ana iya sauya waɗannan lambobi, kuma ya kamata a sauya su kafin a fara, in ba haka ba kusan kowane sarki zai fito cikin jerin kurakurai.

6. Abin da ke bayan takarda

Da a ce abin ya tsaya ga kundin digiri, da da sauƙi. Dokar sarautun gargajiya ta 1993, da ta 13 ga Janairu 2015 da ta maye gurbinta, duk sun jingina haƙƙin tsayawa takarar sarauta ga al'ada, wato ga tabbatar da cewa mutum ya fito daga gidan da ke da haƙƙi. Duk lokacin da kujerar kanto ko ta gari ta faɗi, maganar salsala ce ke fara tashi. Haka rigimar gona da ta rijiya, a yanki irin Dakoro inda manoma da makiyaya ke zaune kafaɗa da kafaɗa, takan koma ga wanda kakansa ya fara sara ko ya fara haƙa. A da, dattawa ne ke zama su yi gardama, kowa da nasa jeri, a sasanta. Yau ɗan boko yana iya shigowa da zane bugagge mai layuka madaidaita, kuma takarda tana da kwarjini a gaban hukuma wanda baki ba ya da shi, alhali abin da ke cikinta bakin mutum ɗaya ne da aka goge sunansa.

Akwai kuma abin da iyalai suka zaɓi su bari a rufe. Nijar ta sanya bauta cikin manyan laifuka a 2003, amma gorin asali bai mutu ba, yana hana aure har yanzu. Sa-ɗaka a cikin kakanni, ko kakan da aka kamo a yaƙi, labari ne da tsoho zai iya faɗa wa jikansa a ɗaka, bai faɗa don a ɗora shi a intanet ba. Shafin Geneanet, da aka kafa a Faransa a 1996 kuma ɗalibanmu suka fi sani, kamfanin Ancestry na Amurka ya saye shi a 2021. Wanda ya ɗora fayil ya kamata ya san ya fita daga hannunsa.

Hanyar da muka koma bi tun bayan labarin Bawa biyu ita ce mu fara da magana kafin mutum. Kowace hira tana samun rijistarta ta majiya: wa ya faɗa, a wane gari, wace rana, a gaban wa, da wane kare na harshe, kuma mene ne matsayinsa ga gidan da yake magana a kai, domin jerin makaɗin fada da na ɗan gidan da aka tuɓe ba za su zo ɗaya ba. Kalmar dangantaka ana rubuta ta da Hausa yadda ta fito, ɗa ko jika ko inna ko riƙo, a cikin bayanin majiya, kafin a fassara ta zuwa gurbin na'ura. Gadon sarauta ana shigar da shi a matsayin aukuwa mai zaman kanta, da wanda aka gada da wanda ya gada, ba a ɗaura shi ga haihuwa sai wata majiya ta faɗi haihuwar a fili. Jerin Landeroin fayil ɗinsa dabam, na Tsibiri dabam, na Sabon Birni dabam, abin da za a ɗauka a Birnin Lalle ma dabam; kwatanta su aikin mai bincike ne a kan tebur, yana iya nuna inda suka haɗu da inda suka rabu. Ga masu son nazarin tsarin aure da zumunta, manhajar Puck da masana ilimin al'umma na Faransa suka ƙera ta fi dacewa da manhajojin kasuwa, kuma tana karanta GEDCOM. Muryoyin kansu, da littattafan hannu, wurinsu ma'ajiyar IRSH ko ta CELHTO a Yamai, tare da sharaɗin da mai maganar ya gindaya.

Shi kuwa fayil ɗin ɗalibin nan, mun sake gina shi daga littafin hannu. Bawa biyu suna nan, kowa da lambarsa, kuma a ƙarƙashin na farkon akwai uba biyu: wanda tsohuwar ta faɗa, da wanda dattijon unguwa ya faɗa. Ɗalibin yana zaton na biyun kawu ne da ya riƙe shi, kuma zai koma ya tambaya bayan girbi.